Yadda Kamfanoni Shida Suka Gina Dam Ɗin Hoover A Lokacin Fatara

Ku yi haƙuri da shirun da na yi, karatu ne ya sha mini kai.

Makonni uku da suka wuce mun daɗe a waya da Yaya. Ya ce kuɗin siminti da rodi sun tashi, ma'aikatar da ya yi wa gini har yanzu ba ta biya shi ba, kuma yana tunanin rage wa leburori kuɗin yini ko ya sallami wasu. Ban ba shi amsar kirki ba, domin ni ɗalibi ne, ban taɓa biyan ko birkila ɗaya daga aljihuna ba. To sai ga shi a hutun nan mun je ganin Dam ɗin Hoover, a kan iyakar jihohin Nevada da Arizona, wanda na yi rubutu a kansa a zangon karatun da ya wuce. Yaya, wannan wasiƙar taka ce, sauran jama'a su saurara.

A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi, tattalin arzikin Amurka ya karye. Bankuna suka yi ta rufewa, gine-gine suka tsaya. Zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba shi da abin yi. A cikin wannan hali gwamnati ta fito da kwangilar datse kogin Colorado. Aiki ne da kowane ɗan kwangila yake haɗiyar yawu a kansa, amma akwai sharaɗi: sai an kawo lamunin dala miliyan 5. Babu kamfani ɗaya a yammacin ƙasar da zai iya wannan shi kaɗai.

Sai suka haɗa kai. Akwai Utah Construction na 'yan uwan Wattis, masu aikin layin dogo, da Morrison-Knudsen, da J.F. Shea masu haƙa rami, da Pacific Bridge, da MacDonald & Kahn, sai Henry Kaiser da Warren Bechtel da suka shigo tare. Kowa ya kawo kuɗinsa da abin da ya fi iyawa, suka sa wa kansu suna Six Companies, wato Kamfanoni Shida. A watan Maris na 1931 suka ci kwangilar a kan dala 48,890,955. Bambancin farashinsu da lissafin injiniyoyin gwamnati bai wuce dala dubu 24 ba. Wannan ba sa'a ba ce. Mutumin da ya yi musu lissafi, Frank Crowe, ya shafe shekaru yana gina madatsun ruwa wa gwamnati, ya san wurin, ya san yadda hukumar take ƙididdiga. Shi suka ba ragamar aikin.

Crowe mutum ne mai gaggawa, kuma yana da dalili, domin kwangilar ta tanadi tarar dala 3,000 a kowace rana idan aka makara wajen karkatar da kogin. Sai da aka fasa ramuka huɗu a cikin dutse, kowanne faɗinsa wajen mita 17, ruwan ya bi ta ciki kafin a soma zuba kankare. Sun ɗora dandamali a bayan babbar mota yadda mahaƙa da yawa za su riƙa huda dutse lokaci guda, suka ja igiyoyin ƙarfe a saman kwazazzabon suna sauke bokitin kankare daidai inda ake so. A watan Nuwamba na 1932 aka karkatar da kogin. Shugaba Roosevelt ya ƙaddamar da dam ɗin a ranar 30 ga Satumba, 1935, aka miƙa shi ga gwamnati a farkon 1936, sama da shekara biyu kafin wa'adi. Ribarsu ta haura dala miliyan 10.

Nan ne 'yan ajinmu suke son tsayawa su yi tafi. Ni kam na kasa.

Saboda yunwa, mutane sun yi tururuwa zuwa hamadar da iyalansu tun kafin a gina musu wurin kwana, suna zaune a bukkokin kwali da tsumma a bakin kogi. A bazarar 1931 zafi ya riƙa kaiwa kusan digiri 49, wanda ko mutumin Sakkwato sai ya nemi inuwa, kuma mutane sun mutu saboda shi. A watan Agusta na shekarar kamfanin ya rage kuɗin masu aiki a cikin ramuka. Suka shiga yajin aiki, suna neman a maido da kuɗinsu a kuma ba su ruwan sha mai sanyi. Crowe ya rufe aikin ya sallami kowa, don ya san akwai dubbai a Las Vegas da ke jiran gurbi. Cikin 'yan kwanaki yajin ya watse. Kamfanin ya kuma ci gaba da shigar da motoci masu amfani da fetur cikin ramukan duk da dokar Nevada ta hana, yana cewa filin na gwamnatin tarayya ne. Hukuma ta ƙirga mutum 96 da suka mutu a kan aikin. Wasu 42 an rubuta cewa nimoniya ce ta kashe su, amma ma'aikata sun yi ta cewa hayaƙin motocin ne. Baƙar fata kuwa, cikin ma'aikata sama da 5,000, 'yan ƙalilan aka ɗauka. Na tsaya a gaban allon tunawa da mamatan, raina bai yi daɗi ba.

Wasu daga cikin manyan ma ba su ga ƙarshen aikin ba. William Wattis ya rasu a 1931, Warren Bechtel ya rasu a Mosko a 1933, ɗansa Stephen ya ɗora. Kamfanin Bechtel yana nan a hannun zuriyarsa, shi ne ma ya jagoranci gina birnin masana'antu na Jubail a Saudiyya. Morrison-Knudsen kuwa, wanda ya tsallake fatarar 1930, ya karye a 1996 bayan ya kutsa cikin harkar ƙera taragon jirgin ƙasa ya tafka asara.

Yaya, akwai abu ɗaya da ya raba ka da su: gwamnatinsu tana biya a kan kari, wata-wata, gwargwadon aikin da aka yi. Wannan ba a hannunka yake ba. Amma zancen haɗa gwiwa da abokin nan naka mai tifa da injin kwaɓa kankare, wanda ka ce ba ka so don kada a ce ka gaza, ina ganin ka sake dubawa. Maganar rage kuɗin leburori kuma, ina roƙonka ka jinkirta har mu yi magana. Wasunsu tun zamanin Baba suke tare da gidanmu.

Zan kira ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku in Allah ya yarda. Hotunan suna wayar abokina, zan sa su nan idan ya turo. A gaida Hajiya da yara, a ce mata yajin da ta aiko ya iso.

Naku a kullum.