ZARE: Tarihin 'yar aiki, daga Beverly Hills zuwa Badariya

1/ Jama'a, wa ya kalli Devious Maids? Shirin Amurka ne mai haɗa barkwanci da binciken kisa, kan 'yan aiki mata a gidajen attajiran Beverly Hills. Yau za mu bi tarihin 'yar aiki a talabijin, har mu dawo gida Kabi. Ku biyo ni 🧵

2/ Tashar Lifetime ta fara haska shi a 2013, aka rufe a 2016 bayan zango 4. Marc Cherry ya ƙirƙiro shi, kuma aro ne daga wani shirin Meziko na 2009.

3/ An kashe wata 'yar aiki, Flora, ana tsaka da biki. Aka cafke yaron da ke raba abin sha. Uwarsa Marisol, malamar jami'a, ta ɓad da kama ta shiga aikatau don ta wanke ɗanta. Dabararta ɗaya ce: mai shara ba a ganinta, amma ita kowa tana gani.

4/ Afirka ta riga su. A 1966 Ousmane Sembène na Senigal ya yi La Noire de..., labarin Diouana da ta bi iyayen gidanta Turawa daga Dakar zuwa Faransa, wulaƙanci ya sa ta kashe kanta. Nan kam babu dariya.

5/ A Najeriya kuwa dariya aka zaɓa. Tambayi iyayenka The New Masquerade na NTA: Gringory da Clarus, yaran gidan Chief Zebrudaya, su ne abin nishaɗi.

6/ A Arewa mun yi Samanja da Karambana, Sakkwato ta yi Idon Matambayi. Arewa24 ta zo a 2014, muka samu Daɗin Kowa da Gidan Badamasi. Amma a Kannywood galibi 'yar aiki ruwa take kawowa, ko tsegumi, ko a ce za ta ƙwace wa Hajiya miji. Mi ya sa?

7/ Amsar na cikin tarihi. A zamanin Daular Usmaniyya, daka da niƙa da ɗiban ruwa a manyan gidaje aikin bayi ne da kuyangi. A 1901 Gwamna Lugga ya hana cinikin bayi, ya ce 'ya'yan da za a haifa daga shekarar 'yantattu ne. Amma sai a 1936 aka soke bauta kwata-kwata a Arewa.

8/ Doka ta soke suna, aikin bai tafi ko'ina ba. Sai ya koma hannun 'ya'yan riƙo da 'yan mata daga ƙauye. Ga gadon da suka ci: kwana a tsakar gida ko kicin, cin saura, tashi kafin kowa.

9/ Ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire Kebbi daga Sakkwato, Birnin Kebbi ya zama babban birni. Ma'aikata suka kwararo, unguwanni irin su Badariya da Gesse suka cika. Hajiya na ofis, wa zai riƙe gida? Sai a aika ƙauye, gefen Argungu ko Bunza, a kawo yarinya.

10/ Ga bambancin: 'yan aikin Devious Maids manyan mata ne, albashinsu a hannunsu. Tamu sau da yawa ba ta ko balaga ba, kuɗinta kuma na bi ta hannun dillaliyar da ta kawo ta.

11/ Alhali dokar NAPTIP ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau, kuma hukuncin ya haɗa da ɗauri. Mutum nawa suka san wannan?

12/ Marubutanmu, ga labari a ƙofar gida. Ba sai an kashe kowa ba. Sarƙar Hajiya ta ɓace, an daki yarinya, ita kuwa ta san wanda ya ɗauka. Ta faɗa ko ta yi shiru? Ku ba ta suna, ku ba ta baki.

13/ Kai kuma mai karatu, yarinyar da ke wanke-wanke a gidanku, ka san sunan garinsu? Ka san ko tana zuwa makaranta? Ku bar amsa a ƙasa 👇