Enfield ta 1853: yadda ake yi wa tsohuwar bindigar ɗuri kuɗi

Bindigar Enfield samfurin 1853 tana cikin bindigogin ɗuri na ƙarshe da sojan Birtaniya ya riƙe kafin a koma masu cin harsashi ta baya. Ta baki ake zuba mata albarushi, a bi da dalma, a danna da sandar ƙarfe, kamar bindigar tokar maharba. Inda ta bambanta shi ne cikin bututunta, mai tsawon inci 39, akwai tsaga uku masu murɗewa da ke sa dalmar ta fita tana juyawa, ta yi nisa ba ta kauce ba.

Da ita aka yi ƙarshen yaƙin Kirimiya. Ita ce kuma ta shiga tarihin Indiya a 1857, sa'ad da magana ta bazu cewa da kitsen saniya da na alade ake shafe takardar ƙunshin albarushinta, wadda soja zai yage da haƙori. Wannan ya taɓa Hindu da Musulmi gaba ɗaya, ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka hura wutar tawaye. A yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, Arewa da Kudu duka sun saye ta, har kimanin 900,000 suka ƙetare teku. Abin da aka ƙera gaba ɗaya ya kai wajen miliyan ɗaya da rabi, don haka tsufa kaɗai ba ya sa ta tsada. Masu tara kayan tarihi sun fi biyan kuɗi a kan abin da za a iya tabbatarwa game da inda bindigar ta fito da hannun da ta bi.

Kafin komai, mai kimantawa yakan zura sandar ɗurin cikin bututu ya gwada zurfinsa da tsawon waje, domin irin waɗannan bindigogi kan kwana a ɗure shekara da shekaru. Bayan gwabzawar Gettysburg ta yaƙin basasar Amurka a 1863, yawancin bindigogin da aka tsinta a fagen a ɗure suke, wasu ma ɗuri kan ɗuri.

Daga nan sai tambayar ko ta asali ce. Tun a shekarun 1970 kamfanin Parker-Hale na Birmingham ya fara ƙera sababbin Enfield, kamfanonin Italiya irin su Pedersoli da Euroarms suka bi sahu, don masu wasan kwaikwayon yaƙin basasa da masu gasar harbi. Waɗannan kuɗinsu na kayan aiki ne da aka yi amfani da shi, sai dai 'yan damfara kan goge rubutun kamfani, su sa ƙarfen ya yi tsatsa da gangan. Akwai kuma kwaikwayon maƙeran yankin Khyber, tsakanin Pakistan da Afganistan, wanda sau da yawa harafin da aka buga a juye ko shekarar da ba ta dace da sarautar Sarauniya Biktoriya ba ke tona masa asiri.

Tambarin da ke jikin ƙarfe da katako ne ke ɗauke da yawancin hukuncin. A farantin da kunama take, ana ganin kambi, shekara, da sunan inda aka haɗa ta. Wadda gwamnatin Birtaniya ta mallaka tana da haruffan V.R. ƙarƙashin kambin da alamar kibiya mai faɗi. Mai rubutun Tower, wadda ba ta da waɗannan, galibi ta 'yan kasuwar Birmingham ce, garin da ya daɗe yana ƙera bindigogi masu araha don kasuwannin Afirka ta Yamma. A gindin bututu akwai hatimin gidan gwaji: na Landan, ko na Birmingham da aka kafa a 1813, ko haruffan ELG na Liège a Beljiyam. Aikin Birmingham na hannu ne, ba lalle sashin wata ya shiga wata ba. Na masana'antar gwamnati da ke Enfield da na London Armoury Company kuwa da inji aka yanka su, shi ya sa suke da daraja ta musamman a wajen masu saye.

Babbar tazarar farashi tana tsakanin Enfield da ba a san inda ta bi ba da wadda aka tabbatar Kudancin Amurka ne ya saye ta. Kudu ba ta da isassun masana'antu, sai ta tura wakilinta Caleb Huse Ingila sayayya, aka riƙa satar hanya da kayan ta tsakanin jiragen Arewa da suka tare gaɓa. Wasu daga cikin bindigogin suna da haruffan JS bisa hoton ankar jirgin ruwa a jikin katako, da lamba da aka zana a tagullar gindi. Irin wannan takan ninka 'yar'uwarta kuɗi, kuma saboda haka ne ita aka fi yi wa tambarin jabu. Labarin baka cewa kakan wane ya riƙe ta a yaƙi ba ya ƙara ko sisi, sai in da takarda ko sunan da za a iya samu a rajistar soja.

Wajen lafiyar jiki ne masu gado suka fi tafka asara. Mutum ya ga ƙarfe ya yi duhu, sai ya sa takardar yashi ya goge har ya yi ƙyalli, ya kankare katakon ya shafa fenti, yana ganin gyara ya yi. A idon masu saye ya share shaida ne, domin hatimin katako ba shi da zurfi, kuma duhun da shekaru suka bari ba ya dawowa. Haka nan wadda aka datse wa bututu. Bayan yaƙin basasa an sayar da rarar makamai da araha, manoma suka gajarta da yawa, aka share tsagar ciki don harbin tsuntsu. Wasu kuma gwamnatin Birtaniya ce da kanta ta yanke musu baya daga 1866 ta mayar da su samfurin Snider mai cin harsashi ta baya, wanda kasuwarsa daban ce. Sandar ɗuri ta asali, ma'aunin saiti, da zobba uku da ke riƙe bututu, kowanne in an musanya shi farashi ya sauka.

Kasuwa ma takan motsa. A 2003 kamfanin International Military Antiques ya kwaso tsofaffin bindigogi fiye da 50,000 daga fadar Lagan Silekhana a Katmandu, cikinsu da masu fasalin Enfield da aka ƙera a Nepal, waɗanda ba su kai na Ingila inganci ko kuɗi ba. A Amurka dokar tarayya ta 1968 ta ɗauki bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, abin da ya sauƙaƙa cinikinta, alhali a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon cewa ko bindigar ɗuri sai da lasisi. Masu kimantawa ba sa dogara da kuɗin da mai kaya ya sa. Suna duba nawa aka sallama irinta a gidajen gwanjo kamar Rock Island a Amurka ko Holts a Ingila, sannan su cire la'adar gidan, su kuma tuna cewa dillali zai taya ƙasa da haka don ya sami ribarsa.