Yadda Motar Asibiti Ta Koyi Sauraron Yaro

Yau tarihi na ɗauko mana, na motar ɗaukar marasa lafiya, da irin daɗewar da ta yi kafin ta fara yin lissafi da yara.

Asalinta don sojoji aka yi ta. A shekarun 1790, likitan sojan Faransa Dominique Larrey ya ƙirƙiro keken doki mai sauri da ke kwaso waɗanda suka ji rauni daga fagen fama. Kun ga ke nan tun farko da jikin ƙaton namiji aka yi awo. Ko a Amurka, wani rahoto da cibiyar kimiyya ta ƙasar ta fitar a 1966 ya nuna cewa a garuruwa da yawa masu sana'ar ɗaukar gawa ne ke kai marasa lafiya asibiti, ba tare da wani horo na kirki ba. Bayan rahoton an gyara aikin, amma kaya da horo galibi na manya ne.

To, jikin yaro kuwa daban yake. Hanyar numfashinsa ƙarama ce, kumburi kaɗan ke toshe ta. Sanyi na saurin kama shi. Zai iya zubar da jini sosai alhali awon jininsa na nuna ƙalau, sai can ya faɗi lokaci guda. Maganinsa da nauyinsa ake auna shi, wa ke da sikeli a bakin titi?

Wani likitan yara a Hawai, Calvin Sia, ya yi ta matsa lamba, Sanata Daniel Inouye ya kai maganar majalisa, a 1984 aka yi dokar kula da yara a halin gaggawa. A tsakiyar shekarun 1980 ɗin ne likita James Broselow ya fito da tef ɗin awo mai launuka, kamar na tela. A auna yaro daga kai zuwa diddige, launin da ya faɗa shi ke nuna kimanin nauyinsa, da yawan magani, da girman kayan da suka dace da shi.

An gyara wa jiki, saura baki. A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara, sashe na 12 ya ce a saurari yaro a duk abin da ya shafe shi. Suwidin, inda tun 2005 ake sa malamin jinya aƙalla ɗaya a motar gaggawa, ta mayar da yarjejeniyar dokar ƙasa a farkon 2020.

Me wannan ke nufi a cikin mota? Malamin jinya ya durƙusa daidai tsayin yaro, ya faɗi sunansa, ya yi masa bayani kafin ya taɓa shi. Ya tambaye shi ina ke ciwo, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ya ce allura ba zafi. Idan hali ya yi, a duba shi a cinyar mahaifiyarsa. Kuma akwai dalili na lafiya: yaron da ya firgita numfashinsa da bugun zuciyarsa na ƙaruwa, awo ya rikice, mai ƙuncin numfashi kuma kuka ya ƙara tsananta masa.

Najeriya ta amince da wannan yarjejeniya tun 1991. Don haka ni roƙona gare mu matasa, duk ran da aka jera sababbin motoci ana yanka ƙyalle, mu tambaya: akwai abin sa iska na hancin jariri a ciki? An horar da malamin jinyar kan yara? Idan kun samu amsa a jiharku, ku rubuto mana a ƙasa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya raya mana yaranmu.