Dinya

Dinya, wadda masana ke kira Plectropterus gambensis, ita ce mafi girma a dangin agwagwa na Afirka. Namiji kan kai kilo 6. Bayanta baƙi ne, cikinta fari, baki da fatar fuska ja. A gaɓar kowane fiffike akwai ƙaho mai tsini, da shi take faɗa, kuma ba ta wasa da shi lokacin kiwon 'ya'ya.

Ana ganinta garke-garke a fadamun Haɗeja da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi, tana cin ciyawa da tsaba, har ta faɗa gonakin shinkafa. Da damina take ƙwai, galibi cikin doguwar ciyawa, uwar ta kwanta a kansu kusan wata guda. Wata dinyar kan ci ƙwaro mai dafi, sai namanta ya zama guba ga mai ci.