Paul Scholes: ɗan wasan da United ta ci moriya, Ingila ta yi asara

An haifi Paul Scholes a Salford ta ƙasar Ingila ranar 16 ga Nuwamba, 1974. Manchester United kaɗai ya buga wa wasa a matsayin ƙwararre, inda ya yi wasanni 718, ya zura ƙwallaye 155, ya kuma ɗaga kofin Firimiya sau 11. Ran da ya fara buga wa babbar ƙungiyar, a Satumbar 1994, ƙwallaye biyu ya ci Port Vale.

Gajere ne, yana fama da asma, ba shi da gudu na a zo a gani. Baiwarsa hangen fili ce: kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda zai aika ta. Wajen ƙwace ƙwallo kuwa babu gwaninta, shi ya sa ya tara katin gargaɗi 97 a Firimiya. Irin wannan kati, a wasa da Juventus, ya hana shi buga wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 1999. Sai a 2008 ya fanshe: ƙwallon da ya dirka daga nesa ita ce ta fitar da Barcelona, sannan United ta doke Chelsea a Mosko.

Labarinsa da tawagar Ingila ne ake muhawara a kai har yau. Ya buga mata wasanni 66, ya ci 14, ciki har da uku rigis a ragar Poland a 1999. Amma a Gasar Ƙasashen Turai ta 2004, koci Sven-Göran Eriksson ya tura shi gefen hagu domin Steven Gerrard da Frank Lampard su samu gurbi a tsakiya. A watan Agustan shekarar ya yi bankwana da tawagar yana ɗan shekara 29, wato Ingila ta rasa shi daidai lokacin da wasansa ke nuna. Fabio Capello ya neme shi gabanin Kofin Duniya na 2010, ya ƙi komawa.

Ya yi ritaya a 2011, ya dawo a Janairun 2012 da raunuka suka addabi tsakiyar United, ya sake ajiyewa a 2013, shekarar da Alex Ferguson ma ya sauka. Horarwa ba ta karɓe shi ba: kwana 31 kacal ya yi a Oldham Athletic a 2019.