Zamewar Bel a Injinan Motocin Dakon Kaya: Nazari Bisa Yanayin Ƙasar Yauri

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin abin da ke sa bel zamewa a injinan manyan motoci, musamman masu sufacaja, bisa yanayin Yauri, Ngaski da Shanga. An bi hanyar lissafi, aka dogara da ƙa'idar Euler da Eytelwein. Sakamakon ya nuna cewa tsaftar bel, lafiyar fuli da yawan naɗi su ne tushen riƙo, ƙara ɗauri kuwa shi ne matakin ƙarshe.

1.0 Gabatarwa

Tafkin Kainji ya samu ne bayan kammala madatsar ruwa a 1968. Kifin tafkin da albasa da shinkafar Yelwa, Wara da Shanga suna fita kasuwa a manyan motoci, ta babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yelwa da Koko zuwa Jega da Sakkwato. Galibin motocin masu turbo ne, wanda hayaƙin salansa ke juyawa. Sufacaja kuwa bel ne ke jan sa, don haka nauyin da ke kan bel ɗinsa ya fi yawa. A nau'o'in biyu, bel kan juya fanka da famfon ruwa da altaneta. Da zarar ya fara zamewa sai inji ya ɗau zafi, batir ya daina caji, mai sufacaja kuma ya rasa iska daidai lokacin da aka taka totur da lodi.

2.0 Ƙa'idar Nazari

Euler a ƙarni na 18, da Eytelwein a farkon na 19, sun bayyana iyakar riƙon igiya a jikin abu mai zagaye: T1/T2 = e^(μθ). T1 ɗaurin ɓangaren da ke ja ne, T2 na ɓangaren da ya saki, μ ƙarfin kamun roba da ƙarfe, θ kuma yawan naɗin bel a fuli. Masunci ya san wannan a aikace: ƙarin zagaye ɗaya na igiya a turke kan tsayar da kwalekwalen da hannu ya kasa riƙewa.

3.0 Sakamako da Tattaunawa

A ɗauka μ ya kai 0.3, naɗin kuma digiri 180. Lissafi zai ba da 2.57. Idan naɗin ya ragu zuwa digiri 120, kamar yadda kan faru in aka sa ƙaramin fuli don sufacaja ya ƙara gudu, adadin zai sauka zuwa 1.87, wato an yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ja. Idan kuma baƙin mai ya ɗiga, μ ya koma 0.15, adadin zai zama 1.60 a naɗin digiri 180. A nan sai an kusa ninka ɗaurin kafin a dawo da ƙarfin farko, kuma duk wannan ƙari boris ɗin altaneta da na famfon ruwa ne za su ɗauke shi.

Bel mai siffar V, wanda John Gates ya ƙirƙira a 1917, yana riƙo ne da gefunansa. Matsewarsa cikin gurbin fuli kan ninka kamun kusan sau uku. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji na ƙauyukan bakin tafki tana goge gefunan gurbin sannu a hankali, har bel ya nutse ya zauna a ƙasa. Daga nan matsewar ta tafi, ko da sabon bel aka sa. Zafin Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 40, yana ƙeƙasar da roba, zamewar kanta kuma tana haifar da wani zafin da ke mayar da fuskar bel sumul mai sheƙi. Da damina, ruwan kududdufi kan jawo santsi na ɗan lokaci.

4.0 Matakan Gyara

Na farko, a toshe yoyon mai ko na ruwan lagireto, a sauya bel ɗin da ya sha mai. Na biyu, a duba ƙasan gurbin fuli; in yana ƙyalli, fulin ya cinye. Na uku, a aza miƙaƙƙen ƙarfe a tabbatar fulolin suna kan layi ɗaya. Na huɗu, a gwada maɗaurin bel, a kuma ƙara fulin jagora inda naɗi ya gaza. Sai a ƙarshe a daidaita ɗauri: abin da aka saba shi ne lotsawar milimita 16 a kowace mita ta tazarar fuloli biyu, da ƙarfin dannawar da kamfanin bel ya ƙayyade. Inda bel biyu ke aiki tare, a sauya su tare. Shafa sabulu ko mai kukan kawai yake kashewa, riƙon kuwa ƙara lalacewa yake.

5.0 Kammalawa

Kukan bel alama ce ta raunin kamu ko ƙarancin naɗi kafin ya zama batun ɗauri. Ana ba kanikawa da masu motocin yankin shawarar duba fuloli a ƙarshen kowane hunturu, kafin zafin bazara ya kama. Akwai kuma buƙatar binciken fili a garejojin Yelwa, Wara da Shanga don auna tsawon rayuwar bel a kowane yanayi na shekara.