Hunturu da Tsaron Lafiyar Yara a Ƙasar Hausa

Bahaushe ya raba shekara kashi huɗu, watau damina da kaka da rani da bazara. A farkon rani, tun daga wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu, iska takan taso daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura. Ita ce hunturu. Abin da ake nufi a wannan takarda shi ne a duba yadda iyayen da suka tsare 'ya'yansu a wannan lokaci, da abin da ya fi ƙarfin dabararsu, da yadda aka samo kansa daga baya.

Ya kamata a fara da kalmomi, domin a cikinsu mutane ke ajiye saninsu. Hausa ta bambanta ɗari da sanyi. Ɗari shi ne na busasshiyar iska, mai fasa leɓe da dunduniya. Sanyi kuwa, ban da ma'anarsa ta kullum, sunan cuta ne, wadda ake cewa tana shiga jiki ta kwanta a gaɓoɓi ko a ƙirji. Saboda haka in uwa ta ce sanyi ya kama ɗanta, tana nufin wani abu ya shige shi wanda sai an kore shi da zafi. A kan wannan fahimta aka gina kusan dukan tsaron gida.

Kada a ɗauka ɗarin ƙasar nan wasa ne. A watan Disamba na 1823, Baturen nan Clapperton da abokinsa Likita Oudney suna tafe daga Kukawa za su Kano, suka wayi gari ruwan salkunansu ya daskare. Oudney, wanda da ma ba shi da lafiya, ya rasu a Murmur kusa da Katagum a watan Janairu na 1824. To, in haka ɗari ya yi wa babban mutum mai guzuri, ina ga jariri a ɗakin kara?

Makamin farko shi ne wuta. Akan kai kaskon wuta ɗaka da almuru, wasu kuma suna da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi. Na biyu tufafi ne: gwado da luru na masaƙan gida, da zanen goyo, wanda ke haɗa jariri da ɗumin bayan uwarsa. Na uku abinci mai zafi, kunu ko koko da aka sa wa citta da kanumfari da masoro da kimba. Na huɗu mai, ko na kaɗe ko na shanu, a shafe yaro da shi bayan wanka da ruwan ɗumi don kada kaushi da faso su kama shi. Har wa yau lokacin yana da sauƙinsa: rumbu cike yake bayan kaka, sauro kuma ya ragu, saboda haka yunwa da zazzaɓin damina sun lafa.

Amma tsoron sanyi ya kan wuce iyaka. Mai jego takan yi wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, ta kwanta a gado mai wuta, ta sha kunun kanwa. Cikin shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka bincika ciwon zuciya da ya yawaita ga masu jego a yankin, suka danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa da tsananin zafin nan. Haka kuma gawayi a ɗakin da aka toshe ko'ina yana fid da iska mai guba wadda ba ta da wari, hayaƙin itace yana ɓata ƙirjin yaro, ga ƙuna da gobara.

Babbar masifar rani kuwa ba daga ɗari take fitowa ba, daga mutum take zuwa mutum. Harshe ya shaida cewa mutanen da sun lura da lokacinta. Agana ana ce mata 'yan rani. Ƙyanda ana ce mata baƙon dauro, don tana sauka sa'ad da dauro ya nuna, bayan an daɗe da girbe gero. Dalili a fili yake. Da an gama aikin gona hanya ta buɗe, fatake da 'yan ci-rani da almajirai su bazu, a yi ta bukukuwa da cin kasuwa. Da dare kuma iyali su cunkushe a ɗaki guda a rufe ƙofa. Ɗakin da ya tsare yaro daga ɗari, shi ne ya haɗa numfashinsa da na majiyyaci.

Ta ukunsu ita ce sanƙarau, wadda ta sami suna daga sanƙarewar wuya. Tana farawa cikin hunturu, sa'ad da ƙura da bushewa suka raunana hanci da maƙogwaro, ta tsananta cikin bazara, ta ja da baya da faɗuwar ruwan farko. An rubuta labarin annobarta a Nijeriya ta Arewa tun 1905, ta kuma sake dawowa da ƙarfi a 1921 da 1949 zuwa 1950. A 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana iyakar ƙasashen da take addaba kudu da Sahara, ƙasar Hausa tana tsakiyarsu. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, yara da yawa cikin waɗanda suka tsira suka kurumce.

Waɗannan uku ba citta ba kanwa da ta taɓa tsai da su. Abin da ya karya su rigakafi ne. Tun zamanin En'e ake bi gari gari ana yin lamba, ko da yake iyaye da yawa sukan ɓoye 'ya'yansu in sun ji masu yi sun iso. A 1967 aka fara gangamin kawar da agana a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, aka haɗa shi da allurar ƙyanda. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa cutar ta ƙare a duniya. Sabuwar allurar sanƙarau ta shiga Nijar a 2010, Nijeriya a 2011, ta kusan shafe irin ƙwayar da ta saba kawo manyan annoba. Sai dai wani irin ya ɓulla a Zamfara da Sakkwato a 2017, ƙyanda kuma tana komowa duk inda aka yi sakaci da allura.

Abin da malamin da ke horon malamai zai ɗauka a nan shi ne, ba daidai ba ne a gaya wa ɗalibi cewa kakarsa jahila ce. Goyo da man kaɗe da kunu mai ɗumi da wankan hantsi duk suna nan da amfaninsu. Gyaran da tarihi ya nuna kaɗan ne, amma rai ya rataya a kansa: a bar wa iska kafa, a fid da garwashi waje kafin barci, a raba majiyyaci da sauran yara, a kai yaro allura tun kafin hunturu ya kama. Yaron da zazzaɓi ya haɗu masa da sanƙarewar wuya, ko numfashinsa ya yi sauri haƙarƙari na faɗawa, kada a ce sanyi ne a tsaya gashi. A kai shi asibiti a ranar.